Yaya Rediyo da Marfin Kwalba

Ranar ashirin da tara ga Sha'aban, shekarar da muke aji shida na firamare, azumi zai kama a tsakiyar bazara, kusan duk yaran ƙauyenmu muka hau dutsen bayan gari neman wata. Dutsen bai huce ba tukuna, sai ɗaga ƙafa muke yi muna sauyawa. Daga can sama ana hango rufin ɗakunanmu na ciyawa da 'yan kwanon da ke tsakani, da kurmin da ya bi bakin rafi, sannan dajin Birnin Gwari ya miƙe har inda ido ya gaza. Manya suna idar da sallar magariba suka biyo mu, wasu da carbi a hannu. A tsakiyarsu yayana Lawal yake tsaye, wanda duk gari ke kira Rediyo, yana zuba musu labarin wata: wai ba shi da hasken kansa, na rana yake ara, wai babu iska a can, wai har wasu mutane sun taɓa sauka a kansa sun ɗebo ƙasa. Wani tsoho ya yi a'uziyya, wasu suka yi dariya, Baba kuwa sai shafa gemu yake yi, bakinsa ya ƙi rufuwa. Can wani yaro ya ƙwalla ihu, “Ga shi can! Ga shi can!” Hannaye suka tashi gaba ɗaya, aka ɗauki kabbara. Yaya ma ya ɗaga hannu, muryarsa ta fi ta kowa. Ni ce a gefensa, ni kaɗai na bi yatsansa da kallo. Ba wajen jinjirin watan yake nuni ba, ya karkata can saman wata ɗorawa, inda babu komai sai jan gajimare.

Ƙauyenmu yana ƙasar Kakangi, dab da bakin daji. Yaya ya girme ni da shekara biyu, amma rana ɗaya aka sa mu makaranta, don Baba ya riƙe shi kiwon awaki sai da ƙanenmu ya tasa ya karɓe shi. Baba mutum ne mai magana ɗaya, kuma tun muna aji biyar ya yanke hukunci a gaban kowa: wanda ya ci jarrabawar shiga sakandare zai wuce, ko da za a sayar da akuya ta ƙarshe, wanda ya faɗi kuwa ga fartanya nan a rataye, ba maimaici, ba roƙo. Ni ake kallo idan ya faɗi haka. Ni ce mai baki, ni ce mai faɗa a rafi, har Inna ta laƙaba mini Barkono. Batun Yaya kuwa an gama shi tun ba a fara ba. Yaron da ya san babban birnin Japan, wace jarrabawa ce za ta kayar da shi?

A rediyon Baba ya kwashi wannan ilmi, wata baƙa mai jakar fata wadda ake shanya wa batir a rana idan ya yi sanyi. Da asuba da yamma Yaya yana tsugune gefen tabarmar Baba, kunne manne da ita, duk abin da ya fito daga bakin masu labarai ya shiga kansa ke nan, ba fita. Ya san kogin da ya fi kowane tsawo a duniya, ya san sunan kuɗin ƙasashen da ko matafiyan garinmu ba su taɓa jin labarinsu ba, ya san akwai dabbar da ke goyon ɗanta a aljihun ciki. Ranar kasuwa Baba yakan sa masa rigar sallah ya tafi da shi majalisar gindin ceɗiya, a yi ta jefa masa tambayoyi ana ba shi gyaɗa da rake. Na tuna ranar da ya ce akwai ƙasar da rana kan yi watanni ba ta faɗi ba. Majalisa ta kaure da gardama har la'asar, ba kan gaskiyar maganar ba, kan yadda mutanen can suke shan ruwa da azumi. Har Fulanin da ke mashekari a bayan gonakinmu sun san shi. Wata mai tallan nono, duk ta shigo gidanmu sai ta sauke ƙwarya ta ce a kira mata Rediyo ya faɗa mata abin da duniya ke ciki, ta ƙara masa man shanu a kan furarsa. Ni da na wanke ƙwaryar da aka zuba masa ko ɗigo ba a ba ni, kuma ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai.

Akwai abubuwan da ba ya yi, amma ba wanda ya taɓa haɗa su wuri ɗaya. Yara maza suna tafiya harbin kurciya da danƙo, shi ba ya zuwa, ya ce wasan yara ne. Ba ya buga ƙwallon tsumma a filin makaranta. Langa da dara kuwa, inda abokin wasa yake kusa, ba mai kayar da shi. Idan damina ta faɗi muka shiga daji tsintar kaɗanya, mu mata da kwanduna, su maza da buhu, kowa yakan hango bishiyar da ta zubar ya sheƙa da gudu, shi kuwa sai ya biyo bayan wanda ya fi kusa da shi yana ba shi labarin hamada. Idan Inna ta aike shi ya dubo ko awaki sun shiga gonar maƙwabta, sai ya ce in raka shi zai ba ni labari a hanya. Ni kuma da son labari in ajiye taɓarya in bi shi, in dawo in sha faɗa kan surfen da na bari.

Sannan ga marfin kwalba. Kullum yana cikin aljihunsa, marfin kwalbar lemo da ya daddale da dutse ya huda tsakiyarsa da bakin ƙusa. Kafin marfin, hannunsa yake dunƙulewa ya bar 'yar kafa ya kanga a ido. Daga baya ya koma ganyen kargo yana hudawa da ƙaya, ganye ya bushe ya karye ya sake wani. Na sha ganinsa a bayan rumbu da marafa biyar ko shida a gabansa, wani mai babbar huda, wani mai ƙarama, wani mai huda uku, yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana kallon kan katanga. Yara suka ce hoto yake ɗauka, suka riƙa gyara tsayuwa a gabansa suna yaƙe haƙora. Inna ta ce shirme ne irin na masu ƙwaƙwalwa, a ƙyale shi. A makaranta kuwa ya sha tsumagiya a bayan hannu saboda shi, don Malam Iro, malamin ajinmu, ya ɗauka tsokanarsa yake yi.

Makarantarmu tana da wata al'ada da muke alfahari da ita. Bencin gaba na daƙiƙai ne, a kusa da allo, a kusa da bulala, inda malam zai sa musu ido. Duk wanda ya nuna ƙoƙari sai a matsar da shi baya, har ya kai benci na ƙarshe a jikin bango, wanda muke kira bencin manya. Zama a nan sarauta ce. Yaya tun muna aji biyu ya kai can, ranar da wani baƙo mai duba makarantu ya tambayi sunan tekun da ke kudu da ƙasarmu, aji ya yi tsit, shi ya miƙe ya faɗa har ya ƙara da wasu tekunan da ba a tambaye shi ba. Aka tafa masa, aka ɗauke shi daga benci na biyu aka kai shi jikin bango, bai sake dawowa ba. Littattafan karatu kuwa ba mu da su, in ban da na malam. Komai a allo ake rubutawa, musamman lissafi, wanda malam zai juya baya ya yi ta jera shi da alli yana cewa “ku duba nan, ku ɗauko wannan ku kai nan.” Abin da aka faɗa da baki Yaya ya riƙe shi har abada. Abin da aka nuna da alli ya wuce shi. Idan makinsa na lissafi ya fito ƙasa, sai a ce ai Rediyo ne, ya raina ƙananan abubuwa, ranar babbar jarrabawa zai nuna kansa.

Washegarin ganin wata, muna hanyar rafi da rana ta fara zafi, ni da tulu shi da garwa, na tare shi. Ban iya kewaye-kewaye ba, na ce, “Yaya, jiya ba ka ga watan nan ba.” Ya ce ya gani mana. Na ce to wane ne wancan mai tahowa a kan keke? Mutumin kuwa kawunmu ne, da jar hularsa da ko jariri ya sani. Yaya ya ƙanƙance ido, ya kai hannu aljihu, sai ya fasa. Ya sauke garwar ya zauna a kanta. Abin da ya faɗa mini har yau yana kunnena: “Ni ban taɓa ganin jinjirin wata ba. Da can na ɗauka kowa ma ba ya gani, na ɗauka haka ake yi, wani ya yi ihu sai duk a taya shi.” Ya ce sai da ya girma ya gane idonsa ne daban. Na ce ya faɗa wa Baba. Ya girgiza kai, ya ce in Baba ya ji yana da makaho a gida, ya daina zuwa da shi majalisa ke nan.

Ni ba na iya riƙe magana, ko tulun ban gama saukewa ba na fesa wa Inna. Wayyo, da na sani! Ta yar da muciya ta yo kaina. “Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Yaron da ya san abin da ke bangon duniya ne za ki ce ba ya gani? Hassada ce ke cin ki, Barkono.” Ta sa na tofar da yawu, da yamma kuma ta rangaɗa wa Yaya kwalli don maganin baki. Na je wa Malam Iro da maganar, ya yi dariya ya ce in da Lawal ba ya gani, da me ya zama na bencin manya? Ka ji fa. Saninsa ne ya kai shi inda ba ya ganin allo, kuma sanin nan ne aka kafa hujja da shi cewa yana gani. Na yi kuka don haushi, Yaya kuma ya yi kwanaki ba ya yi mini magana.

Muka je cikin garin Birnin Gwari muka rubuta jarrabawa, aka dawo aka shiga shuka. Sakamako ya iso masara tana fitar da gemu. Na ci. Yaya ya faɗi, lissafi ya kayar da shi warwas. Ban taɓa ganin gari ya juya wa mutum baya da sauri irin haka ba. Bakunan da suka ce ba a taɓa haihuwar mai kai irin nasa ba, su ne suka koma cewa ashe aku ne, abin da ya ji kawai yake maimaitawa. A majalisa wani ya ce dama ganga ba ta ƙara sai don cikinta fanko ne. Baba ya ɗauke rediyo ya kai ɗakinsa, ya sauko da fartanya ya ajiye a ƙofar ɗakin Yaya. Ana yi mini ɗinkin kayan makaranta, amma wallahi ko sau ɗaya ban ji daɗin gwada su ba.

Gonarmu ta masara ita ce ta ƙarshe kafin daji, kuma da ta yi goyo birai suke saukowa. Baba ya kafa rumfa mai tsawo a tsakiya, ya ɗora Yaya da gwangwani da sanda, ya ce tunda bakinsa ya iya surutu sai ya yi wa birai. Biri kuwa ba wawa ba ne. Kwana kaɗan suka gane mai gadin nan ihu kawai yake yi ba ya bin su da jifa, sai suka riƙa shigowa shiru ta gefen kurmi. Wata safiya na raka Baba kai masa kunu, muka tarar da kusurwar gona guda an yi mata kaca-kaca, kara a karye, ɓawon masara ko'ina, Yaya kuwa yana kan rumfa ya juya wa ɓarnar baya, marfin kwalba a ido, yana leƙen ɗaya gefen da iyakar gaskiyarsa. Baba ya karyo tsumagiya. Ya ce, “Sauko. Karatu ya gagare ka, gadin biri ma ya gagare ka, sai wasa?”

Ban san lokacin da na shiga tsakaninsu ba. Na ce, “Baba, ka doke ni in ƙarya nake yi, amma ka gwada shi tukuna. Ka matsa can ka ɗaga wani abu.” A gidanmu ba a yi wa Baba irin wannan magana. Ya dube ni. Sai ya juya ya taka zuwa bakin gona, ya sunkuya ya ɗauki wani abu ya ɗaga sama, ya ce, “Lawal, mene ne a hannuna?” Ni daga inda nake ina gani sarai. Yaya ya ƙanƙance ido ya ce, “Hularka ce, Baba.” Hannun Baba ya yi ƙasa kaɗan. Sai Yaya ya ɗaga marfin nan ya kanga a idon dama, ya rufe na hagu, ya tsaya cak. Ya ce, “A'a, masara ce. An ɓare ta, biri ya ci gefe ɗaya.”

Baba ya dawo a hankali, tsumagiyar ma ya bar ta a can. Ya karɓi marfin ya jujjuya shi, ya kanga a nasa idon ya dubi daji, ya cire, ya sake kangawa. Ya ce, “A rediyo ka ji wannan?” Yaya ya ce a'a. “Malam ne ya koya maka?” Ya ce a'a, shi ne dai ya lura in ya leƙa ta ƙaramar kafa abu na nesa yana fitowa, sai ya yi ta gwadawa har ya sami hudar da ta fi. Ya ce matsalarta wuri kaɗan take nunawa, shi ya sa biran suka zagaye shi. Baba ya zauna a kan kunyar masara, cikin raɓa, da rigarsa ta fita. Ya yi salati a hankali, ya ce, “Shekara nawa kana wannan bencin na baya?” Kunun ma ya huce a inda na ajiye shi.

Wannan ne karo ɗaya tak da na ga Baba ya janye maganarsa. Bayan an cire masara ya ɗauki Yaya suka shiga motar Kaduna, suka kwana biyu, suka dawo da tabarau mai kauri kamar gindin kofi. Inna ta fito tarbarsu, tun daga bakin zaure Yaya ya tsaya yana kallonta, ya ce ashe ana ganin fuskar mutum tun bai iso ba. Inna ta koma ɗaki da sauri, ni dai na san ba hayaƙi ne ya shiga idonta ba. Ya maimaita aji shida tare da ƙannenmu, a bencin gaba, cikin daƙiƙai, ni ƙanwarsa ina gaba da shi da shekara guda. Lissafin da ya wuce shi tun aji biyu ya bi shi ya kamo cikin shekara ɗaya, ya ci jarrabawa. Amma fa ya rage zuba labarin ƙasashe, ido ya samu abin yi, kunne ya huta. Sai mutanen garinmu, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, suka ce tabarau ya shanye masa ƙwaƙwalwa, da can ya fi ilmi.

Baba bai sake kai shi majalisa a yi masa tambayoyi ba. Marfin kwalbar yake kaiwa. Ya riƙe shi a aljihun gaba tare da goro, in hira ta yi daɗi sai ya miƙa wa wani tsoho mai raunin ido ya ce ya leƙa ya dubi hasumiyar masallaci. Tsoho ya leƙa ya ce “Ikon Allah!” Baba ya karɓe abinsa ya ce, “Lawal ne ya gano shi, ba wanda ya faɗa masa.” Ni ma na daɗe ina juya abin a raina. Ba na raina sanin babban birnin Japan, riƙe abu baiwa ce, kuma da shi Yaya ya rufa wa kansa asiri shekara da shekaru. Sai dai wannan sani wani ne ya tauna ya ba shi. Da muka tafa masa saboda shi, da muka kira shi aku saboda shi, duk ba mu dubi yaron ba.

Yau ƙauyenmu ba kowa sai 'yan tsirarun da ba su da inda za su. Gonar bakin daji ta koma daji, ba biri ne ya kore mu ba, mutane ne masu bindiga. Mun tattaro mun dawo cikin gari, Baba ya rasu a gidan haya yana tambayar ko an yi ruwa a can. Dutsen bayan gari ba mai hawansa neman wata, a waya ake jin an gani. 'Ya'yana ma in suna son sanin kogin da ya fi tsawo, wayar suke tambaya ta faɗa musu kafin in rufe baki, ba mai ba su gyaɗa a kan haka. Yaya Lawal yana koyar da lissafi a wata firamare, gashinsa ya yi fari, tabarau ya ƙara kauri. Duk ranar farko ta sabon aji yakan yi ƙaramin rubutu a allo, ya jera yara a jikin bangon baya, ya kira su ɗaya-ɗaya su karanta, kafin ya nuna wa kowa wurin zama. Da sallar bana na tsokane shi na ce, “Rediyo, mene ne babban birnin Japan?” Ya yi dariya ya ce in tambayi yara. Sai ya buɗe wani ɗan gwangwani da ya gada cikin kayan Baba ya nuna mini: ga carbi, ga marfin nan ya yi tsatsa, hudar ta kusa toshewa. Na kanga a ido na leƙa ta taga wajen yamma, wajen da ƙauyenmu yake, ban ga komai ba sai katangar maƙwabta. Shekaru muka yi muna sauraron bakin Yaya, ashe hankalinsa yana cikin aljihu.